Jirgin da Tanko Ya Zana a Bangon Gidanmu

Jama'a, salamu alaikum. Abin da zan ba ku yanzu ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, a garin Makka, can ƙasan unguwar Misfala, zamanin babban yaƙin nan na Turawa da ya sa jiragen ruwa suka yi wuya a Jidda, alhazai suka ragu, hatsi ya yi tsada. Na rantse da Ubangijin Ɗakin da na tashi a gindinsa ban ƙara komai a ciki ba, wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba kuma ba zan kama shi da kokawa ba, tsufa ya hana.

Ni haifaffen Makka ne, kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi hajji ya zauna. Sana'ata shafen bango da nura, wato farar ƙasar da muke kwaɓawa, da fentin ƙofa da taga, sai kuma ɗan zane a jikin akwatunan kwano da alhazai ke saye su zuba tsaraba. Zanen me? Kubba, bishiyar dabino, jirgin ruwa. Abu mai rai dai ba a zana shi a garin nan, ko tsuntsu ka zana sai ka ji sanda a gadon bayanka tun fentin bai bushe ba, saboda haka jiragenmu kullum wayam suke, ba matuƙi ba fasinja. Akwai kuma ƙa'idar da muka gada wurin waɗanda suka koya mana aiki: in za ka zana jirgi a bango ka juya goshinsa wajen Harami, domin jirgi zuwa yake yi, ba a zana shi yana ba Ɗakin Allah baya. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, har na yi gemu ban taɓa ganin teku ba. Ga Jidda nan kusa, amma me zai kai ni? Jiragen da nake zanawa daga akwatin wasu na kwaikwayo, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba su yi ba sai da Tanko ya zo.

Gidan da muke ciki irin wanda ake ce wa hoshi ne, babban tsakar gida da ɗakunan dutse da na kwano kewaye da shi, na wani dattijo Ammi Salihu. In ka cire ni da iyalin Ammi Salihu, duk mutanen gidan waɗanda suka biyo ta Chadi da Sudan ne suka ƙetaro teku, suka yi hajji da niyyar komawa, guzuri ya ƙare, yaƙi kuma ya zo ya ƙarasa rufe hanya. Matata Ramatu tana cikinsu. 'Yar ƙasar Katagum ce, ta taso da mijinta na fari, suka bar 'yarsu da aka yaye a hannun kakarta, da cewa ba za su daɗe ba. Mijin ya rasu a cikin jirgi a tsakiyar ruwa aka sa shi a teku tana kallo, ita kuma ta iso ta zauna tana toya waina a ƙofar hoshi, a nan na gan ta na aure ta. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ina son Ramatu son da har abokaina a gahawa, wato wurin shan shayi, ke min tsiya wai ta shanye ni, ni kuma in ce ta shanye ɗin, ruwan wa. Duk sa'ad da ta yi maganar 'yarta sai in ce mata, "In sha Allahu, bari yaƙi ya ƙare," ita kuma ta ce to.

Tanko a tsakiyar yaƙin ya iso, cikin irin jiragen katakon nan masu tafiya da iska da ake kira sambuki, waɗanda ke satar hanya daga Sawakin ta gaɓar Sudan su zubar da mutane a bakin gaɓa inda ba kowa, su tako da ƙafa. Dogo ne siriri, ba ya son magana, ga wani tari da ba ya barinsa. Ya yi shekaru a Bur Sudan yana fentin jikin jirage, saboda haka ya san su ciki da waje, har na yaƙin masu launin toka da bindigogi ya gani da idonsa. Abin da ya zo da shi wanda ba mu saba gani ba, sai ya sassaƙa jirgi a jikin guntun katako, ya shafa masa baƙi, ya danna a ƙyalle, ya ɗaga, ga jirgi ya fito har da hayaƙinsa, ya sake dannawa a wani ƙyallen ga wani. Kan ka ce me, kowane ɗaki a Misfala da ƙyallen Tanko a rataye, masu gahawa kuma suka shiga kiransa ya zana musu jirgin yaƙi a bango, mutane su zauna gindinsa suna shan shayi suna gardamar wa zai ci yaƙin. Ni da aka sani shekara da shekaru sai aka koma kirana in shafe bango fari in ba shi wuri.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne ranar da Goggo Hassi, wata tsohuwa a gidan namu da ke wa mata wankan gawa, ta kawo wa Ramatu ƙyallen nan guda. Ramatu ta shimfiɗa shi a cinya ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Wannan ya san ruwa." Ga akwatinta nan a kusurwa, wanda na zana mata jirgi a jiki da hannuna lokacin aurenmu, ba ta taɓa ce masa haka ba. Na ce, "Nawa fa?" Ta yi dariya ta ce, "Naka ma yana da kyau, Maigida, sai dai naka a kan ruwan yake zaune kamar kwano a kan faifai, nasa kuwa a ciki yake." Wallahi da ta ɗauki muciya ta kwaɗa min da ya fi min sauƙi. Sai kuma na zo na ji ashe shi ma ɗan ƙasar Katagum ne, garinsu da nasu ko yini guda ba a yi.

Ana nan sai Ammi Salihu ya ce in shafe masa dogon bangon tsakar gida. Na zage na yi aiki, bango ya yi fari ƙal, ina ta saƙa irin jirgin da zan ɗora a kai in rufe bakin kowa, kawai da safe sai ga Tanko da gwangwanayensa, wai Ammi ne ya kira shi. A gidan da nake kwana! Na zauna a ƙofar ɗakina na harɗe ƙafa ina kallo, ban ce masa sannu ba. Ya yi ruwa shuɗi mai duhu daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya ɗora sambuki a ciki, da igiyoyinsa da babban ƙyallen da iska ke turawa, ba mutum ko ɗaya, ya yi wa cikin jirgin daga ƙasa jan fenti mai faɗin taƙi guda yana sama da ruwa. Wani ya tambaye shi jan nan fa, ya ce ai jirgin da ba kaya haka yake tasowa, sai an loda shi jan ke nutsewa. Amma ni ba jan na gani ba, goshin na gani. Ya juya shi ya ba Harami baya, ya nufi hanyar gida.

Na ce alhamdu lillahi, yau Allah ya kama shi. Na miƙe na tara mutane, na ce ku zo ku ga gwanin naku, ko ƙa'idar farko bai sani ba, a garin Allah zai zana jirgi yana gudun Ɗakin Allah? Ammi Salihu ya fara sosa gemu yana cewa ai kuwa da gaskiyarka, sai wani tsoho mai ɗibar ruwa da ake kira Baba Ɗanjuma ya ɗaga hannu daga inda yake zaune ya ce, "Ya Ammi, don Allah a bar shi. Na zuwa mun gan shi, mun ma shige shi. Na komawa ne ba mu taɓa gani ba." Wasu suka yi dariya, na ga kuma wasu mata suna share ido da bakin mayafi, har da Ramatu. Haka aka bar jirgin, ni na koma ɗaki da kunyata.

Ku da kuka san zafin Makka kun san abin da ake nufi da tsakar rana a can, ko kare ba ya fitowa. Bangon nan kuma ba ya da inuwa a lokacin, rana ce ke dukansa sosai. Amma sai Baba Ɗanjuma ya tsiri zuwa bayan azahar ya ajiye gwangwanayen ruwansa ya zauna gindin jirgin ya lumshe ido, wai iska mai sanyi yake ji, wai kuma yana jin ruwa na marin katako. Na ce tsufa ne. Sai wata ta ce ita ma ta ji, wani ya ce shi warin gishiri da kifi ne ya buge shi. Na faki ido na je na kanga kunnena a bangon, ban ji komai ba sai dutse da ya ƙona min kunne. Na tambayi Ammi Salihu, shi ma bai ji ba, 'ya'yansa ma haka. Waɗanda suka ƙetaro teku ne kaɗai ke ji.

To a nan ciwon nawa ya yi tsanani, domin Tanko kan zo gidan wajen mutanen ƙasarsu da la'asar, ya zauna a tsakar gida, Ramatu kuma tana bayan tabarmar da muka kare ƙofa da ita tana tankaɗe, sai hira ta ɓarke, ba da ita kaɗai ba, da kowa, amma ni muryarta da tasa kawai nake ji. Su juya harshe zuwa irin Hausarsu ta can, su yi ta tuna yadda igiya ke kuka in iska ta taso, da yadda ake raba ruwan sha a murfin gwangwani, da yadda gishiri ke fasa leɓe, ya faɗi rabin magana ta ƙarasa masa. Ni ina zaune a ɗakina, da matata, na zama baƙo. In na sa baki na ce ai mu ma ranar ambaliya mun ga ruwa har gwiwa a cikin Harami, sai a ce Allah sarki, a ci gaba da tasu. Ban taɓa ganin Ramatu ta ɗaga ido ta dube shi ba, wannan shaida zan ba ta har gaban Allah, amma kishi ba ya neman shaida.

Baba Ɗanjuma ya kwanta zazzaɓi ya rasu. Da muka dawo daga maƙabarta na shigo gida, idona ya faɗa kan jirgin, sai na ga jan nan ya ragu. Ni mai fenti ne, idona ba ya min ƙarya a kan faɗin layi. Nan take na ce yawwa, munafuki, yana satar jiki yana ƙara shuɗi don ya ruɗi tsofaffi a ce yana da wani sirri. Na matsa na shafa wurin, fenti busasshe ƙayau, ga ƙura a kai irin ta sauran bangon, ba alamar sabon burushi. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko ƙusa na ja ɗan layi a jikin jan, daidai inda ruwan ya tsaya, na ce bari mu gani.

Shekarar ta zo da yunwa da zazzaɓi, gidan namu ya yi ta rashi. Wata mata mai wankau ta tafi, na duba, layin ƙusata ya koma cikin shuɗin ruwa, kuma ramin da ƙusar ta yi yana nan fari fat, wanda da a ce hannu ne ya bi da fenti dole ya cike shi. Ƙanwar Ammi Salihu, wadda aka haifa a gidan, ita ma ta rasu, na je na duba, jirgi bai motsa ba ko kaɗan. Wani dattijo ɗan Damagaram ya bi, jirgi ya ƙara nutsewa. Kuma na lura duk wanda zai tafi, sai ya fara zaman nan na tsakar rana a gindin bango tukuna, yana murmushi shi kaɗai.

Ran nan na dawo daga aiki wajen unguwar Mansur da azahar, tun daga ƙofa na ji ƙaurin waina tana ƙonewa a tanda, ba kowa a wurin. Na shiga, ga Ramatu zaune gindin jirgin cikin rana, ta jingina kai da bango, ta rufe ido, bakin mayafinta yana kaɗawa, alhali ko ganye ba ya motsi a gidan. Jan da ya rage a jikin jirgin bai fi kaurin yatsa ba. Da mai hankali ne ni da tsoro ne zai fara kama ni, amma wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne, wato har ta kai ta bar sana'arta ta zo ta jingina da aikin hannunsa. Na daka mata tsawa na ce ta tashi. Ta buɗe ido kamar wadda aka tasa daga barci ta ce, "Maigida, ba ka ji ba? Sun fara jan igiya." Na ce su wa? Ta ce ita ma ba ta gan su ba.

Ban ko sha ruwa ba na nufi unguwar Tandabawi inda Tanko yake da 'yar bukkar kwano. Na same shi yana sassaƙa katako, ya rame ya zama ƙashi da fata, tarin ya ci ƙarfinsa. Ban yi sallama ba, na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce ya ƙwace min aiki na yi shiru, ya ƙwace min bango na yi shiru, to matata kuwa sai dai in ya kashe ni, ya tashi yanzu ya je ya warware abin da ya ƙulla a jirgin nan. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Ya ahuya, ɗan'uwana, wallahi tun ranar da na gama shi ban sake sa masa hannu ba. Jirgin da ya sauke mu na zana, yadda na gan shi yana juyawa wayam ya bar mu a bakin gaɓa. Ban san kome ba bayan wannan." Ya yi tari ya tofar, ya ce, "Ni ma ina jin ruwan, har nan yake biyo ni." Maimakon in ji tausayinsa sai raina ya ƙara ɓaci, na ce a zuciyata, har wannan ma tare suke ji.

Na dawo na kwaɓa nura mai kauri, ban nemi izinin Ammi Salihu ba, na bi jirgin da ruwan duka na shafe, na bari ya sha iska na sake bi, na sake bi, har bango ya koma fari kamar ba a taɓa zana komai ba. Mutanen gida suka tsaya cirko-cirko, Ramatu ce kawai ta ce daga bayan tabarma, "Da ka bar shi, Maigida, bai yi maka komai ba." Har yau ban ce na yi laifi ba, matata nake karewa. Washegari da rana ta take, nurar ta fara kumbura tana zubowa ɓawo-ɓawo, irin yadda bango ke yi in gishiri ya ci shi, kuma ba ko'ina take zubowa ba sai daidai jikin jirgin da ruwan. Kafin la'asar ga shi nan ya fito sarai, har igiyoyin. Na ɗauki ɓawon na sa a harshe, gishiri ne zalla. A Makka, inda ruwa mafi kusa sai rijiya.

Sai na ɗauke ta daga gidan, na kai ta wurin yayata a Mansur, na ce ko nisa zai raba su. A can zazzaɓin ya kama ta. Muka yi na Zamzam, muka yi rubutu, muka yi jiƙo, jiki sai ƙara zafi yake, ita kuwa ba ta kuka ba ta ƙorafi, sai ta ce a ɗaga mata ƙafa kada ta jiƙe. Wata rana da hantsi ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta ce, "Maigida, kar ka yi fushi da ni. Yarinyar nan da na baro gida yanzu ta isa aure, ban san fuskarta ba. Da ana shiga da wanda bai ƙetaro ba, wallahi da ba zan tafi in bar ka ba."

Jama'a, ni da na je na zagi mutumin nan, ni ne na sake komawa bukkarsa da gudu, ba takalmi. Na same shi kwance, na durƙusa, na ce Tanko na tuba, ka fi ni, duniya ta san ka fi ni, abu guda nake roƙo, ka tashi in goya ka mu je ka zana ni cikin jirgin. Ni da na san hukuncin zana mutum a garin nan, na ce ko ɗan ɗigo ne ka sa a bayan igiya ka ce ni ne, in duka ne a dake ni. Ya buɗe ido ya dube ni, kuma ba da izgili ba, da tausayi, wanda ya fi izgilin ciwo, ya ce, "Kai ina za ka, ya ahuya? Ai kana gida." Mutane na sayar da gona da shanu su yi shekaru a hanya don su ga inda aka haife ni, ni kuwa a ranar da za a karɓi haihuwar Makka a ba ni wurin tsugunawa a jirgin nan da na bayar.

Ramatu ta cika washegari da hantsi. Goggo Hassi ta zo ta yi mata wanka, muka ɗauke ta zuwa Harami don a sallace ta bayan azahar. Ga waɗanda ba su sani ba, a Makka duk gawar da aka kawo a lokaci guda jera su ake yi a gaban liman a yi musu salla ɗaya. Muna ajiye makararta sai ga wasu 'yan Tandabawi sun shigo da tasu, suka ajiye dab da ita, har katakon yana taɓa katako. Na tambayi na kusa da ni wane ne, ya ce ai mai zanen jiragen nan ne, ɗazu da hantsi. Aka tayar da salla a kan su biyun, namiji da mace, ni ina sahu a baya cikin jama'a kamar kowa. Allah ya yafe min, kabbarorin nan ban san yadda na yi su ba, ina ta kallon 'yar tazarar da ke tsakanin makara da makara, ina ji kamar in je in ja tata gefe.

Bayan an rufe su, Goggo Hassi ta ja ni gefe a ƙofar gidan yayata, ta ce, "Ɗan nan, zan tambaye ka, ka gaya min gaskiya. Ina kuka kai yarinyar nan?" Na ce ba inda ta je, Goggo, tana kwance a tabarma ko tashi ba ta iya yi. Ta ce to ita dai da ta zo cire mata zane ta tarar da shi jiƙe sharkaf daga gwiwa zuwa ƙasa, ba kuma gumi ba ne ba fitsari ba, ruwan gishiri ne, ga yashi a tsakanin yatsun ƙafarta, irin farin yashin nan mai ɓawon katantanwa da ita Goggon rabonta da shi tun Sawakin. Ta ce, "Ai sambuki ba ya matsowa gaɓa, sai an taka ruwa ake shigarsa." Na wuce Misfala ina tafe ina tuntuɓe, na shiga hoshi, mutane sun taru a tsakar gida suna kallon bango. Ruwan yana nan a bango, shuɗi daga kusurwa zuwa kusurwa. Jirgin ne babu, kuma ba alamar kankara ko shafe a inda yake.

Da yaƙi ya ƙare hanya ta buɗe, na je Jidda, ranar na fara ganin teku, na shiga jirgi na ƙetare zuwa Bur Sudan. Ba ni da kowa a can, ba ni da abin yi, na sha shayi a bakin tasha na jira jirgin dawowa na dawo. 'Yan'uwa suka ce baƙin ciki ya taɓa min kai. Ni dai na san abin da na je yi, so nake a lissafa ni cikin waɗanda suka ƙetaro. Na yi ta cigiyar 'yar tata wurin alhazan Katagum shekara da shekaru, ban samu wanda ya san ta ba. Hoshin ma tuni aka rushe shi, manyan gidajen alhazai ne a wurin yanzu. Ban sake aure ba, ban kuma sake zana jirgi ba.

Shekaru suka yi ta wucewa ban ji komai ba, har na ce wahalar banza na yi. Sai bana, in na idar da azahar na kishingiɗa, nakan ji wani abu can ƙasa-ƙasa yana marin katako, jikokin yayata kuma su ce su ba su ji ba, wai famfo ne. Ba mutuwar nake tsoro ba, wallahi, na ma ƙosa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne in taka ruwan nan in hau, in tarar da su zaune gefe da gefe suna hirarsu, a ce min Allah sarki, a matsa min can baya.

Shawarata gare ku, wanda duk yake da mace ko uwa ko wani nasa da ke cewa a kai shi gida ya ga nasa, to ya kai shi tun ƙafa na takawa, ya daina cewa bari kaza ya wuce. In kuma kuka ga naku ya fara zama cikin rana yana cewa yana jin sanyi, kada ku tsaya tambayar da wa yake ji, ku zauna kusa da shi ku riƙe hannunsa. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Ramatu addu'a. Shi ma Tanko ku yi masa, ni har yau in na ɗaga hannu na zo kan sunansa sai bakina ya yi nauyi.